Yadda Ake Gasa Pasta Flora, Kek ɗin Jam na Gidajen Girka

A gidajen Girka, idan baƙo ya shigo da la'asar ba a barinsa ya tashi baki bushe. Za a ɗora masa gahawa a 'yar buta mai dogon hannu da suke kira briki, a ajiye masa kofin ruwan sanyi a gefe, sannan a yanko masa wani abin zaƙi. Sau da yawa abin nan pasta flora ne. Kwaɓin fulawa ne da bota ake shimfiɗawa a faranti, a malala jam a kai, a gitta siraran kwaɓi a sama kamar saƙar raga, a gasa. Idan ya fito, jam ɗin na leƙowa ta ramukan yana ƙyalli, gefen kuma ya yi ja kamar bayan gurasa. Ana sayar da shi a gidajen burodi na unguwa, waɗanda suke kira furnos, amma asalin gidansa ɗakin girkin iyaye mata ne, inda ake yin jam da rani a adana a kwalabe.

Kada sunan ya ruɗe ki, uwargida, babu taliya a ciki. Daga Italiyanci ya fito, pasta frolla, wato kwaɓi mai marmashewa, Girkawa suka juya shi da bakinsu ya koma flora. Cuɗanyar ƙasashen biyu ta daɗe: birnin Benis na Italiya ya riƙe tsibiran Girka, Kirit har 1669, Korfu kuma har 1797, kuma sunayen girki na Italiya da dama sun zauna a harshen Girka. 'Yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Ajantina da Yurugwai sun tafi da irin wannan kek ɗin, can ana kiransa pasta frola. Na Girka ya fi taushi, ya fi kusa da biskit, kuma ya fi sauƙin yi a gida, domin ko abin murza fulawa ba dole ba ne.

Duk wadda ta iya gireba ta riga ta san inda za a dosa. Wannan narkewar da gireba ke yi a baki, ita ake nema a ƙasan pasta flora, sai dai nata ya ɗan fi riƙe jiki saboda ƙwai. Abu biyu ne ke kawo hakan: kada hannu ya daɗe a kwaɓin, kuma kada botar ta narke kafin ta shiga wuta. Sauran duk mai sauƙi ne.

Kayan haɗi

Wannan awon na faranti zagayayye ne mai faɗin santimita 28 zuwa 30, ko mai kusurwa huɗu da ya kai kimanin 23 a 33. Zurfinsa ya kai santimita 3.

Fulawa giram 500, wato kofi 4 idan kofin na mililita 250 ne kuma ba a danna ba
Bota giram 250
Sukari giram 150
Ƙwai 2, da wani guda na shafawa a sama
Bekin foda ƙaramin cokali 2, a shafe
Gogaggen ɓawon lemon zaƙi 1
Ruwan lemon zaƙi babban cokali 3
Banila ƙaramin cokali 1
Gishiri ɗan kaɗan
Jam giram 500 zuwa 600

Tsofaffin girke-girken Girka suna sa cokali biyu ko uku na barasar birandi a kwaɓin. Ba ma buƙatarta. Su kansu Girkawa da yawa ruwan lemon zaƙi suke sawa a madadinta, kuma ƙamshin lemon ya fi dacewa da jam.

Game da bota: ki nemi ta ainihi, mai tauri idan tana firji, domin ɗanɗanon kek ɗin rabinsa nata ne. Majarin mai taushi na roba yana da ruwa da yawa, kwaɓin zai yi ta manne wa hannu. Idan soyayyen man shanu kike da shi mai tsabta, zai yi, amma ki rage zuwa giram 210 tunda an riga an ƙone ruwansa, ki ƙara cokali ɗaya na ruwan lemo, ki kuma sa shi a firji ya daskare kafin ki fara. Sukari kuwa, idan mai manyan ƙwayoyi ne, ki ɗan juya shi a bilenda na daƙiƙa goma. In ba haka ba za ki ji yana ƙaras-ƙaras a haƙori bayan gashi.

Jam tukuna

Ki fara da jam, ko da kwana ɗaya kafin ranar gashi, domin dole ya huce sarai kafin ya hau kwaɓi.

Wanda Girkawa suka fi sawa shi ne na berikoko, 'ya'yan itacen da Larabawa ke kira mishmish. Ana nomansa sosai a yankunan Argolida da Korintiya, yana nuna a farkon zafinsu, wajen watan Yuni. Dalilin da ya sa ya yi fice shi ne tsaminsa. Kwaɓin na da sukari da maiƙo, to idan jam ɗin ma zaƙi ne zalla, yanka ɗaya zai gundure ki. Suna kuma yi da ceri mai tsami da suke kira bisino, da ɓaure, da sitiroberi.

Idan kin samu ɗanyen mishmish, ki cire ƙwallayen ki auna kilo 1, ki yanyanka, ki zuba sukari giram 600 da ruwan lemon tsami babban cokali 2. Ki rufe ki bar shi awa huɗu ko ya kwana a firji, zai tsatso ruwansa da kansa, ba sai kin ƙara ko ɗigo ba. Sai ki ɗora a tukunya mai faɗi da kaurin gindi, wuta matsakaiciya, kina juyawa da cokalin katako kina kwashe kumfa. Yakan ɗauki minti 25 zuwa 35. Da farko tafasar na da sauri da kumfa fari. Can za ki ga kumfar ta ragu, ƙwayoyin tafasar sun yi manya, suna fashewa a hankali suna ɓal-ɓal, launin ya koma ruwan zuma. Nan ne za ki tsaya a kansa, domin minti biyu na sakaci ya isa ya kama.

Gwajin nuna shi ne ki sa ƙaramin faranti a firiza tun farko. Ki ɗiga jam a kai, ki jira minti ɗaya, ki tura da yatsa. Idan ya tattare ya bar hanya a buɗe, ya yi. Idan ya malalo ya rufe hanyar, ki ƙara masa minti uku ki sake gwadawa. Mai ma'aunin zafi ta duba digiri 104 zuwa 105 na Salsiyas.

Ɗanyen mishmish ba ya samuwa a ko'ina, amma akwai mafita mai kyau. Ƙamaruddin, busasshen mishmish da ake shimfiɗawa kamar takarda a Sham, wanda ake jiƙawa a sha da azumi a Masar da Sudan, ainihin abin ne. Ki yayyanka giram 400, ki jiƙa a ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi har ya narke, ki dafa a ƙaramar wuta ya yi kauri. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara sukari, domin yana zuwa da nasa. Mangwaro wanda bai gama nuna ba shi ma yana bayar da jam mai kama da wannan a launi da tsami, muddin kin zaɓi marar zare.

Idan na kanti za ki saya, ki juya kwalbar ki gani. Wanda ke gangarowa kamar zuma ya yi ruwa, zai jiƙa ƙasan kek ɗin. Ki juye shi a tukunya, ki matsa lemon tsami cokali ɗaya, ki dafa minti biyar zuwa goma, ki bar shi ya huce. Ko mai kaurin ne, ni ba na barinsa babu lemon tsami, domin na kanti kusan kullum zaƙinsa ya wuce kima.

Kwaɓi

Ki fito da bota daga firji ta ɗan saki. Alamar ita ce ki danna da yatsa ya lotsa, amma ba ta ƙyalli ba ta tsiyayar mai. Bota na narkewa tun daga wajen digiri 32, don haka a ranar zafi minti goma zuwa sha biyar ya isa, ba awa guda da littattafan ƙasashen sanyi ke faɗa ba. Na taɓa yin wannan kek ɗin da tsakar rana a watan Afrilu, ga shi an ɗauke wuta tun safe. Kafin in gama fasa ƙwai botar ta zama ruwa, kwaɓin ya riƙa tsatsar mai a tafin hannuna, abin da ya fito daga gashi kuma ya yi tauri kamar ƙanzo. Tun daga ranar, da sassafe nake kwaɓawa ko bayan isha'i.

Ki zuba bota da sukari a roba mai faɗi. Kafin ki fara bugawa, ki goga ɓawon lemon kai tsaye a kan sukarin, saman ɓawon kawai, kada ki kai ga farin ciki domin ɗaci gare shi. Ki murtsuka shi da sukarin da yatsu, ƙamshin zai tashi nan take. Sai ki buga da na'ura minti uku zuwa huɗu, ko da muciya minti bakwai zuwa takwas, har haɗin ya yi haske ya yi laushi.

Ki fasa ƙwai ɗaya ki buga ya ɓace, sannan na biyu. Ki zuba banila da ruwan lemo. Idan kin ga haɗin ya ɗan tsinke kamar kindirmon da ya kwana, kada ki damu, fulawa za ta haɗe shi.

A wata roba ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare. Daga nan ki ajiye na'ura. Ki zuba fulawar kashi uku, kina juyawa da cokali, na ƙarshen ki tattara da hannu. Tattarawa kawai, ba murzawa ba. Dalili kuwa, fulawar alkama na da sinadarin da ke yin danƙo idan ya haɗu da ruwa aka kuma murza shi. Shi ake nema a burodi da fanke da alkaki, shi ya sa ake ba su wahala. A nan shi ne abokin gaba. Bota ce ke lulluɓe ƙwayoyin fulawar ta hana su shan ruwa, kuma duk murzawar da kika ƙara tana warware wannan aikin. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki cire hannu.

Kwaɓin da ya yi daidai yana da taushi kamar fatar kunne, ba ya manne wa yatsa. Idan yana mannewa, ki fara sa shi a firji kafin ki yi tunanin ƙara fulawa, domin yawanci zafi ne ba ƙarancin gari ba. Idan yana wargajewa ya ƙi haɗuwa, ki ɗiga ruwan lemo ƙaramin cokali ɗaya.

Ki raba shi biyu, kashi biyu cikin uku na ƙasa, kashi ɗaya na saƙar sama. Ki ɗan baje kowanne, ki naɗe a leda, ki sa a firji minti 40 zuwa awa ɗaya. Idan babu wuta, kula mai ƙanƙara za ta yi aikin, ki dai tabbata ruwa bai shiga ledar ba.

Shimfiɗawa da saƙa

Ki shafe farantin da bota har gefe, ki barbaɗa fulawa ki kakkaɓe. Idan gindinsa ba ya cirewa, ki shimfiɗa takardar gashi ki bar bakinta ya leƙo, da ita za ki ɗago kek ɗin daga baya.

Ki ɗauko babban kason. Hanyar iyayen Girka ita ce a gutsuttsura shi a warwatsa a farantin, a bi da yatsu ana dannawa har ya rufe ko'ina, sannan a daidaita da gindin kofi. Kaurin ya zama kamar rabin santimita ko ɗan fiye, gefen kuma ya hau sama santimita biyu. Ki kula da lungun da ƙasa ta haɗu da gefe. Nan kwaɓi ke taruwa ya yi kauri, kuma nan ne ke fitowa ɗanye. Ki bi shi da babban yatsa ki rage. Sai ki soka cokali mai yatsu a wurare kamar goma sha biyar don kada ƙasan ya kumbura.

Ki juya jam da cokali ya saki, ki zuba a tsakiya, ki baje zuwa gefe. Kada ya kai bakin kwaɓin, ki bar rabin santimita, domin zai tafasa ya taso. Duk jam ɗin da ya tsallake ya taɓa ƙarfen faranti zai ƙone ya yi ɗaci ya manne.

Yanzu saƙa. Hanya biyu ce. Ta gida ita ce ki gutsuri kwaɓi kamar girman goro, ki mulmula a kan tebur ya zama igiya mai kaurin ƙaramin yatsa, ki ɗan danne ta ta yi faɗi. Ta gidan burodi ita ce ki murza kwaɓin tsakanin takarda biyu, ki yanka sirara masu faɗin santimita ɗaya da rabi. Na fi son ta farko a lokacin zafi, domin igiya ba ta saurin tsinkewa. Ki jera shida ko bakwai a miƙe da tazarar yatsa biyu, ki juya farantin kaɗan, ki jera wasu a karkace su gitta na farko, ramukan su fito da siffar dagi. Ba sai kin saƙa ɗaya ƙarƙashin ɗaya ba, ɗorawa kawai ake yi. Idan wata ta tsinke, ki haɗa bakin biyu ki bar su, wuta za ta like su. Kada ki yi ƙoƙarin ɗaga wadda ta riga ta taɓa jam.

Ki danne bakin kowace igiya a jikin gefe. Ragowar kwaɓin ki mulmula doguwar igiya ki zagaye bakin farantin da ita, ki bi da cokali mai yatsu ki yi mata ado. Ki kaɗa ƙwai da cokali ɗaya na ruwa ko madara, ki shafa a kan saƙar kaɗai, a hankali. Sai ki mayar da farantin firji minti 15 yayin da oben ke ɗaukar zafi. Wannan sanyin na biyu shi ke sa saƙar ta tsaya da kyanta, ba ta baje ta nutse cikin jam ba.

Gashi

Oben ya kai digiri 180 kafin farantin ya shiga, ko 170 idan mai fanka ne. Ki sa shi a layin da ke ƙasa da tsakiya, domin ƙasan ne ke buƙatar wuta fiye da saman. Yakan ɗauki minti 35 zuwa 45. Kada ki buɗe kafin minti 25. Idan kin duba kin ga saman na saurin yin ja, ki ɗora takardar alminiyam a kai ba tare da kin danne ba, ki ci gaba.

Alamun nuna uku ne, kuma ki jira su duka: saƙar ta yi ruwan gwal sosai ba fari-fari ba, gefen ya ɗan janye daga jikin faranti, jam kuma yana ɓulɓula a hankali har a tsakiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cirewa da wuri don tsoron ƙonewa. Farar pasta flora ɗanɗanon ɗanyen gari take yi, ƙasanta kuma ya yi laɓo-laɓo.

Wadda ba ta da oben za ta iya yi a babbar tukunya. Ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa uku, ki ɗora duwatsu uku ko mazaunin ƙarfe, ki rufe ya yi zafi minti 15, sannan ki ɗora farantin. Wuta ta zama kaɗan a ƙasa, a minti goma sha biyar na ƙarshe ki zuba garwashi a kan murfin don saman ya yi ja. Zai iya kai awa guda, don haka ido za ki bi, ba agogo ba.

Idan ya fito, kada wuƙa ta kusance shi. Jam mai zafi ruwa ne, yana ƙuna fiye da tafasasshen ruwa, kwaɓin kuma bai gama ƙanƙamewa ba. Ki bar shi a farantin aƙalla awa uku. In da hali ki gasa yau ki yanka gobe, domin a cikin dare damshin jam ke ratsa saman kwaɓin kaɗan, ƙamshin lemo ya zauna, kuma a ganina a rana ta biyu ne yake kaiwa matuƙar daɗinsa. Ki yanka murabba'i ko yankan dagi da wuƙa mai kaifi, kina goge ta da tsumma mai ɗumi bayan kowane yanka. A rufe a mazubi yana kwana huɗu zuwa biyar a lokacin sanyi. Da zafi, ki sa a firji bayan kwana biyu, ki fito da shi rabin awa kafin a ci.

Na azumin Girkawa

Akwai wani nau'in da ya cancanci ki sani, musamman idan bota ta yi tsada. Mabiya cocin Otodoks na Girka suna da dogon azumi kafin bikin Ista, wanda suke kira Sarakosti, inda suke barin nama da madara da bota da ƙwai. Ba su bar pasta flora ba, sai suka yi mata sigar azumi da suke kira nistisimi. A fulawa giram 500 ana sa man zaitun mililita 180, ruwan lemon zaƙi mililita 120, sukari giram 150, bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɓawon lemo. Ana kaɗa mai da ruwan lemo da sukari har sukarin ya narke, a zuba fulawa a tattara. Wannan kwaɓin ba ya murzuwa, da yatsu kawai ake danna shi, kuma igiyoyinsa gajeru ake yi a jona su a kan jam. Tunda babu ƙwan shafawa, ana shafa ruwan lemo a barbaɗa sukari kaɗan. Ya fi na bota ƙaras-ƙaras, kuma ba ya tsoron zafin ɗaki. Ki zaɓi man zaitun mai sauƙin ƙamshi, ko ki raba shi rabi da rabi da man da ba ya wari.

A wannan nau'in ne na fi son sa mastiha, ƙaron wata bishiya da ake tsagawa a ƙauyukan kudancin tsibirin Kiyos. Ƙwaya uku ko huɗu sun isa, kuma ki tabbata na ci ne aka sayar miki. Ki sa su a firiza minti goma, ki daka a ƙaramin turmi tare da cokali ɗaya na sukari don kada su manne, ki tankaɗe cikin fulawar. Idan ya wuce haka ɗaci zai fito ya danne jam ɗin.